Tagar Da Malam Ya Zana

Ranar da kafinta ya zo auna wurin gina akurki a bayan gidan Malam, Auta ce ta riƙe masa bakin tef. Sau uku ya auna bango ɗaya. Ni da nake maƙwabtaka da su ina leƙe ta katanga, na san ba bangon ne a ransa ba.

Malam, baban Auta, tsohon hedimasta ne, kuma tunda nake ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Shi ya zana aikin da kansa: akurki a dama, sito a hagu, rufi ɗaya, da 'yar taga mai raga a bangon tsakiya don iska. Kafin a buga ƙusar ƙarshe, kafinta da Auta sun kamu da son juna.

Sai kaji suka fara mutuwa. Sha biyu aka zuba, cikin sati biyu saura biyar. Wani mai sayar da dusa, wanda shi ma Autar yake nema, ya riƙa zuga Malam wai rubabben katako aka sa masa.

Malam ya kira kafinta ya ce, "Wanda ya kasa killace kaza, shi zai riƙe min 'ya? In wata ta sake mutuwa, kada ka ƙara tako min gida."

Kullum da safe Auta na buɗe akurki ta ƙirga kajin. Ran Talata ta tura wa kafinta saƙo: "Nawa, jar kazar ta ƙi cin abinci, sai layi take. In ta mutu mun rabu."

Ya amsa: "'Yar lelena, share hawayenki, ga ni nan."

Yana durƙusawa cikin akurkin wani wari ya shaƙe shi. Ya zagaya sito, sai ga wani galan na maganin ƙwari da Malam ya ɗora a kan wata kanta ta katako, daidai ƙasan tagar, murfinsa a fashe. Ya kira Auta ya nuna mata.

"Ka faɗa masa mana," in ji Auta a hankali.

"In ce babanki ne ya kashe kajinsa? Ai ba zai yafe min ba."

"In ka yi shiru fa?"

"Nan ma na rasa ki."

Sai ga takun Malam. Auta ta maƙale a jikin ƙofa.

Kafinta ya russuna. "Baba, laifina ne, kantar nan a karkace na kafa ta. A taimaka a riƙe min galan ɗin nan in gyara."

Malam ya karɓa, warin ya daki hancinsa. Ya dubi murfin, ya dubi tagar da ya zana, ya dubi jar kaza ta cikin raga. Ya fita da galan ɗin.

Kwana uku Auta ba ta iya cin abinci. A na huɗu jar kaza ta miƙe tana tono, Malam ya aika a kira kafinta.

"Na duba kantar nan, a miƙe take," ya ce, yana kallon wani gefe. "Ka turo manyanka."

An ɗaura aure, mai dusa ma ya zo, fuska a murtuke. Jar kaza kuwa Malam ya hana a yanka, ya ba amarya ta tafi da ita. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya rufa musu asiri yadda angon ya rufa na surukinsa.