Kawo In Karɓe Ka

Rana ta yi ja lokacin da Atiku ya ɗaure buhun taki a bayan mashin, ya bar Tambuwal ya kama hanyar Kebbe. Matarsa Ni'imatu ta ce idan dare ya yi masa ya kwana can, amma Atiku ba ya kwana gidan kowa. Mutum ne mai zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya laluba aljihunsa.

Daga teku ya kwaso halin. Da ƙuruciya ya yi aiki a ƙananan jiragen dakon mai da ke zirga-zirga tsakanin Legas, Warri da Kalaba, yana goge inji yana jan igiya. Da ya dawo gida ya kama noma, sai ya tsiri bin diddigin tsofaffin jiragensu a waya: wanne aka sayar, wanne aka canza wa suna, wanne aka yayyanka aka kai wa 'yan gwangwan. Mutanen unguwa har dariya suke yi masa, wai manomin gero yana cigiyar jirgi. Guda ɗaya ne ya gagare shi, wani ruɓaɓɓe da suke ce wa Tsohuwa. Sai kwanan nan wani abokin aikinsa na da ya shaida masa Tsohuwa ta nutse tuntuni. Kowa ya fita, ban da mai gadin ranar, Jumare, mutumin Dogon Daji.

Atiku ya san dalili, kuma abin ya tsaya masa a rai. Hausawan jirgin suna da ƙa'ida: mai gadi ba ya barin wurinsa sai wani ya zo ya ce, "Na karɓe ka." Wanda ya faɗa kuwa, gadi ya koma wuyansa har sai shi ma an karɓe shi.

Ya gangaro wani busasshen rafi ke nan mashin ya yi tari ya mutu. Bazara ce, ko ganye ba ya motsi. Ya buga ya sake bugawa, shiru.

Sai wari ya iso shi. Dizal da tsatsa, da ƙarnin ruwan gishiri. Rabonsa da jin wannan ƙarni tun barinsa Warri.

Can gaba wani tsoho yana tahowa a duƙe, da ƙatuwar igiya naɗe a kafaɗa, kaurinta kamar taɓarya. Nan take Atiku ya ce a ransa tarko ne. Haka ɓarayi suke yi, su sa tsoho a hanya su laɓe a daji. Ya zuba wa kurmin dama ido, ya zuba wa na hagu, ya dafe aljihu. Duk ya duba, ban da tsohon.

Tsohon ya tsaya gabansa yana nishi. Igiyar tana ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Ka san bakin Bahaushe. Ya ga babba da kaya, ba ya jiran izinin zuciya. Idon Atiku yana daji, bakinsa ya riga shi.

"Sannu, baba. Kawo in kar..."

Sanyi ya taɓa ƙafarsa. Ya duba. Ruwa ne ya sha kan takalminsa, baƙi, mai yana yawo a samansa.

Ya datse harshensa da haƙori.

Tsohon ya ɗago a hankali. Ba tsoho ba ne. Fuskar tana nan yadda Atiku ya bar ta, sai dai ta yi fari ta yamutse, kamar hannun da ya daɗe a wanki.

"Ida maganar mana, Atiku," in ji Jumare, murya ƙasa-ƙasa. "Ba kai ka cigiyarmu ba? To ga mu."

Ƙasa ta karkata. Daga ƙarƙashin yashi injin jirgi ya fara bugawa, dum, dum.

"Tsayuwar ga ta ishe ni. Mi ya rage? Ida."

Ya miƙo igiyar. Tausayi ya kama Atiku har ya fi tsoron, hannunsa ya fara tashi da kansa. Ruwa ya kai gwiwa.

Ya ja a'uziyya da bakin da ke jini. Ya taka mashin da duk ƙarfinsa.

Mashin ya tashi.

Buhun taki ya faɗi, bai waiwaya ba. Wandonsa a jiƙe ya shiga Kebbe, da ya bushe gishiri ya fito masa fari fat.

Tun daga ranar ya daina cigiyar jirage. Sai dai rabin maganar ya riga ya fita, rabin gadin kuma ya biyo shi. Kullum in rana ta yi ja, ƙafafunsa su kai shi ƙofar gida su kafe, kafaɗarsa ta dama ta rusuna kamar mai ɗauke da kaya, har sai an kira isha'i. Ya rame. Bai gaya wa kowa ba.

Wata yamma ya dawo daga gona da damin itace, abin ya kama shi a bakin zaure. Ni'imatu ta fito ta gan shi a tsaye yana haɗa gumi. Ta yar da tsintsiya, ta miƙo hannu biyu.

"Sannu, maigida. Kawo in..."

Ƙarnin gishiri ya cika zauren. Atiku ya ji nauyin ya fara zamewa daga kafaɗarsa, ya ji wani sauƙi da ya manta da irinsa. Ya saki itacen ya toshe mata baki da tafinsa.

"Bar mini kayana," ya ce, hawaye na zuba. "Ban gaji ba."