Injin da Ya Ce Da Sauƙi

Allon da ke gaban matuƙi ya yi sallama, ya tambayi kwanan iyali, sannan ya nuna zurfin ruwa da ƙarfin iska. Gefen da aka saba ganin zafin inji da gudun farfela kuwa wayam, sai kalmomi biyu: Lafiya lau.

Kawu Dantani ya ƙwanƙwasa allon da zobensa. Jirginsa na tsakiyar kogin Kwara, ya baro Sabuwar Yawuri, birnin nan da aka gina a kan ruwa, ɗauke da fasinjoji da awaki zuwa kasuwar tsallake. Inji ɗaya gare shi, kuma an daina ƙera irinsa. In ya ƙone, tuƙin Kawu ya ƙare ke nan.

"Saude, zo ki ga aikinki," in ji shi.

Saude 'yar ƙanwarsa ce, injiniyar lantarkin jirage. A zamanin, duk na'urorin jirgi a waya ɗaya suke rataye, ana ce mata jijiya. Inji, famfo, tankin mai, kowa ta nan yake aika wa allo rahoto. Abin na aiki sumul, sai Kawu ya ce shi fa ba zai zauna da ƙarfe marar tarbiyya ba, wanda zai ce wa dattijo "mai ya ƙare" ko sallama babu. Ya matsa wa yarinyar nan har ta ɗora musu wata manhaja da ta sa wa suna Ladabi, wadda ta koyi magana daga hirar dattawan bakin kwata, inda jirage ke tsayawa. Kawu ya yi ta kiran abokai suna zuwa jin yadda famfonsa ke gaisuwa.

Yanzu Saude ta durƙusa ta bi jijiyar daga gaba har baya. Ta zare kowane soket ta hure ta mayar. Fis bai ƙone ba, wuta na zuwa daidai, marufin ƙarshen wayar na nan daram. Ta goge gumi.

"Kawu, ba waya ba ce. Saƙon injin na isowa. Shi ne dai ya ƙi faɗin lambobin."

"To tambaye shi mana."

Ta matsa kusa da lasifika. "Inji, nawa ne zafinka?"

"Sannu da aiki, Injiniya. Yaya gajiya?"

"Babu gajiya. Zafinka na tambaya."

"Da sauƙi," in ji injin, muryarsa na rawa.

Kawu ya juyo ya dubi lasifikar. Shi da ya sha zuwa dubiya, ya san wanda ke ce da sauƙi da irin wannan murya ba ya kwana biyu. Ga kuma wani ƙauri yana tasowa daga ƙasa, har awaki sun fara atishawa.

"Ba zai faɗa ba," in ji Saude. "Dattawanku ya kwaikwaya. A cikinku wa ya taɓa cewa jikinsa ya yi tsanani?"

"To mu yaya muke sanin mutum na jin jiki?"

Suka kalli juna. Wajen maƙwabta, mana.

Saude ta juya ga famfon sanyaya inji, ta rage murya. "Famfo, wai ni kam, maƙwabcinka lafiya kuwa?"

Ai kamar jira yake. Sai dai bai fara ba sai da ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi Hajiyar Kawu da ciwon ƙafa, Kawu na tsaye yana cizon yatsa yana amsawa, domin gaisuwar da shi ya matsa a koya, ba zai iya katse ta ba.

"Kada dai a ce ni na faɗa," in ji famfo daga ƙarshe. "Tun da muka taso kainuwa ta toshe bututun ruwa. Bawan Allah ko ɗigo bai samu ba. Na ce ya gaya muku, ya ce ba ya son tayar wa Kawu hankali ga baƙi a jirgi."

Saude ta daka tsalle ta nufi makunni don ta kashe injin. Kafin hannunta ya kai, injin ya yi tari, ya ce, "A yafe ni," ya yi shiru. Hayaƙi ya turnuƙe, ruwa ya fara jan jirgin kudu.

Tausayi da takaici suka cika Kawu, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauki rediyo ya kira ofishin ceto. Can na'ura ce ke amsa kira, irin wadda ba a taɓa koya wa tarbiyya ba.

"Jirgin Dantani, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Kawu, kafin Saude ta kai ga toshe masa baki.

"An rubuta," in ji na'urar, ta kashe layin ta koma kan masu matsala.