Aninin Kan Rufi

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani mutum mai tara tsofaffin kuɗi. Yana da kwabo, yana da sisi, yana da taro. Anini mai huji ne kaɗai ya rage masa. Ya nema a kasuwa, babu. Ya nema wurin maƙera, babu.

Ran nan yana wucewa sai ya hango shi a kan rufin wata tsohuwa. Kafinta ne ya sa shi a wuyan ƙusa don kada ruwa ya bi hujin kwano. Tsohuwa ta tafi rijiya, ga tsani a jingine, ga hadari ya haɗo. Mutumin ya kama tsani ya saki, ya kama ya saki. Sai ya zauna a bakin ƙofa.

Da ta dawo ya ce, “Sannu, Iya. Aninin can nake so.”

Ta ce, “Ɗan nan, daidai nan nake kwana. In ka cire, kai za ka riƙe mini ƙwarya har ruwa ya ɗauke?”

Ya dubi rufi, ya dubi ƙafarsa. Ya tuɓe takalminsa na fata, ya yanko daidai faɗin anini, ya hau ya musanya, ya mayar da ƙusa. Ya kwara ruwan tulun tsohuwar a kai. Ko ɗigo bai shiga ɗaki ba.

Ta ce, “Tafi da abinka. Amma fa ko ƙosai ba ya saye.”

Ya ce, “Na sani, Iya.”

Ya kama hanyar gida cikin ruwan sama, takalmi a ƙafa ɗaya, yana ta murmushi.