Aikin da Ba Shi da Suna

"Ku ajiye wayoyin nan," in ji Yaya Rakiya, 'yar kawunmu, bayan sallar isha'i. "Kun ishe ni da tambayar abin da ya raba mijina Nafi'u da gidan rediyo. To ku saurara."

Muka ajiye wayoyin.

Ta ce Nafi'u ne ke kula da kwamfutar da ke tura sauti, a wani ɗaki kan dutse a bayan gari. A cikin kwamfutar akwai wata manhaja mai tsara layin ayyuka: wannan aiki ya shiga, wancan ya jira. Shi sauti ba ya jira. In aka tsayar da shi ko da ƙiftawar ido, sai magana ta yanke.

Ta kuwa fara yankewa. Wata Laraba wani likita ya ce a rediyon kada a ba jariri zuma. Kalmar "kada" ta ɓace. Mata uku suka ba 'ya'yansu, ɗaya har asibiti. Manaja ya zage Nafi'u tas a gaban ma'aikata.

Ya dawo gida yana huci, ko tuwo bai taɓa ba. Washegari da rana tsaka ya hau dutsen shi kaɗai.

Ya buɗe jerin ayyukan. Ga wani can sama, gaba da sauti. Ba shi da suna. Ya kashe shi. Aikin ya dawo. Ya sake kashewa.

Fankar ɗakin ta tsaya.

"Salamu alaikum."

Wani dattijo ne a bakin ƙofa, da farar riga. Nafi'u bai ji takunsa ba, alhali duk tsakuwa ce a wajen. Kuma leɓunansa kan gama motsi, sannan muryar ta biyo baya.

"Yaro, bar wannan. Namu ne."

"Naku su wa?"

"Tun ba a kafa ƙarfen rediyon nan ba muke kiran juna ta kan dutsen nan. Kun cika iska da surutu. Ɗan numfashi kawai muke ɗauka."

"Ɗan numfashi?" Nafi'u ya miƙe. "Jariri na kwance a asibiti! Baba, ko kai wane ne, ka bi layi!"

Ya danna. Ya mayar da aikin can ƙarshe, ya ɗora sauti a gaba, ya kulle.

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Wannan karon muryar ce ta riga bakin.

"Gaba kake so? Ka samu."

Nafi'u ya ja ayatul kursiyyu, ya fita a guje, takalmi ɗaya.

Rediyo bai ƙara yankewa ba. Jaririn ma ya warke.

"To ai ya yi nasara, Yaya," na ce.

Ta galla mini harara.

"Nasara? Tun ranar yake jin magana kafin a faɗe ta. Ya ji manaja ya sallame shi tun mutumin bai buɗe baki ba. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu, muna cin abinci ya ajiye cokali ya fashe da kuka. Sai bayan nan aka bugo waya da labarin. Ni yanzu ko fushi ban isa in ɓoye a gidana ba."

Ta gyara ɗankwalinta.

"Duk wanda na ji ya hau dutsen nan shi kaɗai, wallahi ko aljanu sun ƙyale shi, ni ba zan ƙyale shi ba."