Ba Waccan Manga Ba

Kai da ke riƙe da wannan takarda, kana wurin. Kada ka ce mini ba ka gani ba. Ranar Asabar ce, rana tsaka, a bakin tashar Zuru, kuma na ƙirga fuskokinku sun fi hamsin. Wasunku na cin rake. Da jini ya fara zuba, sai kowa ya juya yana duba tayar babur ɗinsa.

Sunana Keziah, ina koyarwa a firamare. A shekarar 2007 na kafa ƙungiyar karatu saboda na gaji da ganin matasanmu suna zaman kashe wando a gindin bishiya. Mu tara ne. Duk Asabar da la'asar muna haɗuwa a ajin da nake koyarwa, mutum ɗaya ya tashi ya gaya mana littafin da ya karanta da dalilin da zai sa mu ma mu karanta.

A nan na san Haggai. Ya dawo daga karatu a Kaduna da kwali cike da littattafan gwanjo.

"Malama, kin cika ba mu littattafan gyaran hali," ya ce da ni ranar farko. "Karɓi wannan, akwai maciji mai fukafukai yana furzar da wuta."

"Ƙarya tsagwaronta ke nan!"

"Ƙarya ce mai daɗi. Idan kika ajiye shi kafin ki gama, ni zan share ajin nan wata guda."

Kwana biyu na cinye shi. Na dawo ina masa faɗa don me marubucin ya kashe 'yar maƙerin da ta horar da macijin. Ya tsaya yana kallona yana murmushi, har na manta abin da nake cewa. Daga ranar ya fara kirana hasken idonsa.

Wata rana ya nuna mana, ni da ƙawata Munira, wani ɗan littafi mai zane-zane, baƙi da fari, mutanen ciki idanunsu dara-dara. Na buɗe, sai ya kama hannuna.

"Ba ta nan ba. Ta baya ake farawa, daga dama zuwa hagu. 'Yan Japan ne suke yinsa."

Munira ta tuntsire da dariya. "Ashe 'yan Japan ma sun yi Islamiyya! Kawo nan, ni ce zan koya muku."

"Sunansa manga," in ji Haggai.

"Manga? Ƙauyen nan na bayanmu, inda ake noman dawa?" in ji Munira.

Muka yi ta dariya har da hawaye. Da zai tafi, ya saka mini 'yar takarda a cikin littafin macijin: "Hasken idona, Asabar mai zuwa Manga ce. Ki zo da wuri kafin kowa. Idan kika shiga, ba za ki so fitowa ba. Kada ki gaya wa kowa."

So yake ya ba 'yan ƙungiya mamaki, shi ke nan.

Amma a gidanmu ba a ambaton Manga. Shekara shida kafin nan, yayata Leah ta bi wani saurayi can ba da sanin kowa ba. Ba a yi gaisuwar iyaye ba, bai noma wa Baba ko kunya ɗaya ba kamar yadda al'adarmu ta golmo ta tanada. Bayan wata goma aka dawo mana da gawarta, ta rasu wurin haihuwa. Yayana Dominic yana bakin aikin soja a lokacin, bai samu ko jana'izarta ba. Tun da ya bar aiki ya dawo gida yake cewa ba za a sake ɗaukar masa ƙanwa yana raye ba.

Shi ya tsinci takardar. Bai tambaye ni komai ba.

Ina hanyar makaranta na ji ihu. Na kutsa cikin mutane, sai na ga Haggai a ƙasa, littattafansa warwatse cikin kwata. Yaya Dominic ya naɗe bel ɗinsa na soja a hannu, kan ƙarfen yana lilo.

"Manga za ka kai ta, ko? Manga!"

Ya sauke masa a baya. Ya sake saukewa. Rigar Haggai ta yage, ta rine.

"Yaya, littafi ne... don Allah ka tsaya in nuna maka..."

"Ni ne yayanka? Ɗan iska! Haka wancan ma ya ce, littafin waƙoƙin coci yake koya mata!"

Haggai ya miƙa hannu zai ɗauko littafin daga kwata. Yaya ya taka hannun da takalmi, na ji ƙarar ƙashi. Na faɗa kan Yaya ina ihu.

"Yaya Dominic! Ka bari! Za ka kashe shi!"

Ya watsar da ni gefe, bakina ya bugi dutse. Na dube ku. Na kira wasunku da sunayensu! Wani dattijo ya ce, "A bar shi, maganar gida ce." Sai bel ɗin ya sake tashi, daidai lokacin da Haggai ya ɗago kai yana nemana. Ƙarfen ya same shi a idon dama.

Ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan ƙara ba.

Munira ce kaɗai ta cire mayafinta ta danne masa fuska. Mu biyu muka ɗora shi a amalanke muka kai shi asibiti. Likita ya ce idon ya tafi, yatsu biyu kuma sun karye.

Da na koma gida, na tarar da Yaya a tsakar gida yana wanke bel ɗin. Na jefa masa littafin da jini da ruwan kwata a jikinsa.

"Karanta bayansa."

Ya juya shi. Ya bi haruffan da yatsa, M, A, N, G, A.

"Wannan... sunan littafin ke nan?"

"Sunan irinsa ke nan. Ajina zai kai ni, Yaya. Ajin da ke bayan gidan nan!"

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni?"

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Mama ta fito ta durƙusa a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Keziah, 'yata, na binne ɗaya. Kada ki sa a rufe mini ɗaya a kurkuku. Idan 'yan sanda sun zo, ki ce babur ne ya kayar da shi. Kowa ma haka zai ce."

"Mama, ki tashi, don Allah..."

"Jininki ne fa!"

"Na wancan ɗin da ya zuba a tasha fa, ruwa ne?"

Kuma da 'yan sanda suka tambaye ku, haka kuka ce. Babur. Mutum hamsin, babur!

Washegari na je asibiti. Rabin fuskar Haggai a naɗe. Ya lalubo hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Malama, kada ki raba kanki da gidanku saboda ni. Na yafe masa."

"Yafiyarka taka ce. Amma ba zan bari a ce ka faɗi da kanka ba."

"Kin ga yanzu saura ido ɗaya... za ki iya zama da ni haka?"

"Kai ka ce ni ce haskensa. Ka janye maganar ne?"

Ya yi dariya, ta koma kuka. Na share littafin da gefen zanena, na buɗe ta baya kamar yadda ya koya mini, na fara karanta masa daga dama.

Na ba da shaida a wurin 'yan sanda. Mama ta daina cin abincin da na dafa. Ina son Yaya Dominic, shi ya goye ni zuwa makaranta ina ƙarama, kuma na san ciwon Leah ne ya riƙe bel ɗin tare da shi. Amma da mutum uku cikinku sun riƙe hannunsa minti ɗaya, da ya karanta bayan littafin nan, da yau Haggai na da ido biyu, ni kuma ina da uwa.

Ranar Litinin da ƙarfe tara za a zauna a kotu. Shaidu biyu ne kawai, ni da Munira, kuma an ce mata biyu da ke ƙawance ba su isa a yarda da su ba. Kai da ka ga inda ƙarfen ya sauka, ajiye wannan takarda, ka zo ka faɗa da bakinka cewa ba babur ba ne.