Ruwan da Aka Zubar a Soron Ishiyaku

Shekarar da Turawa ke haɗa kayansu, rijiyoyin Rano suka ƙafe. Garwar ruwa ta tashi daga kwabo har sisi. Ishiyaku mai gidan haya, da ya yi wa 'yan hayarsa alkawarin ɗaki har da ruwa, ya shiga uku. Haya ba ta shigowa, kuɗin ruwa na fita.

Ranar kasuwa da azahar aka tsinci gawarsa a soro, an rotse kan, haƙora a warwatse.

Sufeto Gwadabe ya zo da 'yan doka. Ya tsuguna ya taɓa daɓen. Jiƙe yake sharkaf, an wanke jinin har ruwa ya gangara waje. Ya leƙa randunan gidan, ko na alwala babu.

Barira matar mamacin ta ce, "Ɗantala tela ne, ranka ya daɗe! Tun kaka bai biya haya ba. Jiya Malam ya cire masa ƙofar ɗaki, shi kuwa ya rantse sai ya zubar masa da jini."

Aka jawo Ɗantala, 'yan doka har sun fasa masa baki. In ta tabbata a kansa, rataya ce.

Sufeto ya ce, "Ina kake da hantsi?"

"Na je garin Kibiya, ranka ya daɗe."

"Da wannan ƙafar mai kurkunu? Ko a jaki aka ɗora ka?"

Ɗantala ya fashe da kuka. "Rumfar Hansatu mai ƙosai na ɓuya, gudun Malam."

Sufeto ya je ya tambayi tsohuwar.

"Yana nan tun safe, ɗan nan, yana cinye mini ƙosai bashi. Ni wanda ya dame ni Lado ɗan garuwa. Sule guda na ba shi ya kawo garwa biyu, har yanzu ko ɗigo."

A bakin rafi, hanyar Saji, aka sami Lado yana ɗaura garewani a wata ɗanyar sanda.

"Ina tsohuwar sandarka?"

"Ta karye."

"Ruwan Hansatu fa?"

"Tuntuɓe na yi, ya zube."

"To kai ni in ga wurin."

Lado ya ci gaba da ɗaura garewaninsa.

"Duk garin nan mutane da taimama suke salla," in ji Sufeto. "Wa zai kwarara ruwan sule a daɓen soron Ishiyaku in ba mai ɗebo shi ba?"

Lado ya zari sandar ya kai duka. Hannun wani ɗan doka ya karye ƙaras. Sauran suka rufe shi da kulake har ya kwanta, jini ta hanci.

"Ni ne," ya ce yana haki. "Tun farkon rani nake cika wa Ishiyaku randa, kafaɗata ta tsage, bai ba ni ko anini ba. Na biya ta gidansa na ce ya ba ni ko rabi ne, ya ce in je wurin tela in karɓa. Ya tofa mini yawu. Ban san sau nawa na buga ba."

Aka sa masa ankwa, aka jefa shi a motar Kano.

Da la'asar aka saki Ɗantala, ya dawo yana ɗingishi. Barira na zaman makoki, ta ɗago kai ta dube shi.

"Sannu da wuya, Ɗantala. Ka yafe ni. To hayar fa, yaushe?"