Awa Shida Daga Faris

"Faris fa ka ce, Malam! Ka bar ni da Inna kwance?"

Lurwanu ya riƙe hannun matarsa Hindu yana murmushi, irin na malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya saba a yarda da maganarsa.

"Haba Hinduna... kwas ɗin wata tara ne. Daga Faris zuwa Yamai awa shida a jirgi. Ki bugo waya da safe, in ci tuwon dare nan Illela."

Inna Asabe, mahaifiyarsa, tana jin su daga ɗaki. Shi kaɗai gare ta. Da ya durƙusa neman yafiya, sai ta juya masa baya.

"Tunda kusa ne, in ka komo na yahe ma."

Haka ya tafi, idonsa jawur.

Damina ta sauka, jikin Inna ya ƙara tsanani. Sau biyu Hindu ta ɗauki mayafi za ta Konni buga waya, tsohuwar ta hana.

"Ke ɗiyata, kak ki ɓata mai karatu. Ba yinin guda ba ne? Bari sai na ji abin ya matso."

Hindu ta yarda, don mijinta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ranar da Inna ta kasa haɗiyar kunu, Hindu ta samu motar Konni, ta buga waya, ta dawo ta ɗora tuwo da miyar kuka.

Tuwon ya kwana. Wani ma ya kwana.

Ba wanda ya gaya musu cewa sai an bi Lurwanu da saƙon wayar har makaranta, ko cewa ba kullum jirgin ke tashi ba, balle hanyar Yamai da ruwa ya cinye. Duk ƙarar da Hindu ta ji sai ta fito tsakar gida ta ɗaga kai tana neman jirgi, hadari kawai take gani. Ba ta taɓa jin rashin dabara irin na kwanakin nan ba.

"Ya iso?"

"Yana bisa hanya, Inna... Don Allah ki hwaɗa mini kin yahe mai, ni in ba shi saƙon."

"A'a. Da bakina za shi ji."

Aka binne Inna ranar Laraba bayan azahar. Lurwanu ya shigo ran sadakar uku, taɓo har gwiwa. Ya ga tabarmi a ƙofar gida, jakarsa ta faɗi.

A ɗakin Inna ya sami Hindu. Ya durƙusa gabanta.

"Abu guda nika tambaya, masoyiyata. Ta yahe mini?"

Hindu ta dubi gadon da aka naɗe shimfiɗarsa.

"Ta... ta yahe."

Ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Hindu, dube ni ki sake hwaɗi."

Ta buɗe baki. Kuka ne ya fito.